Rinar Gonar Kawu Bubayero

"Kawu, ba zan faɗa ba."

Yelwa ta yi maganar ne tana durƙushe a bakin tabarma, kanta a ƙasa kamar yadda aka koya mata tun tana ƙarama, amma muryarta ko rawa ba ta yi ba. Kawu Bubayero yana zaune a zaure yana sassaƙar ƙotar fartanya. Bai ɗago ba. Wuƙar ta ci gaba da cin icen, ɓawon yana zubowa a cinyarsa.

"Ni ba shawararki na nema ba," in ji shi. "Cewa na yi gobe da hantsi Bulama zai kira ki gaɓar kogi, gaban Arɗo da mutanensa. Za ki dubi abin nan, ki juya shi, ki ɗora masa wannan gilashin naki, sannan ki ce rina ce. Ki ce muguwar rina ce, irin wadda in aka sa mata wuta sai ta watsu cikin gari. Shi ke nan, kowa ya kama gabansa."

"Ba rina ba ce, Kawu. Kai ma ka sani."

"Na sani. Kin sani. Bayan mu biyu sai wa?"

"Shiru ka ce in yi, na yi shekara biyu ina yi. In ba a tambaye ni ba, har gobe zan ci gaba da yi. Amma a tara mutane a ce in duba in faɗa, in buɗe baki in ce tana harbi, wannan kam ka yafe mini."

Sai a lokacin ya ajiye wuƙar ya dube ta. Ba faɗa a fuskarsa. Da faɗa ne da ya fi mata sauƙi.

"Tashi ki shiga ciki," in ji shi.

Kawu Bubayero yayan mahaifiyarta ne. Shi ya ɗauko ta tana shekara shida, ranar da aka yi sadakar ukun uwarta, ya goyo ta a bayan keke zuwa ƙauyensu da ke gefen garin Katagum. Ba shi da shanu, ba shi da rumfa a kasuwa. Abin da ya mallaka gona ce guda a gaɓar kogin Jama'are, inda ruwa in ya ja baya yake barin laka mai taushi, dankali ya yi ƙwai kamar kan jariri. Matsalar gonar ɗaya ce: tsohon burtali, hanyar da shanu ke bi zuwa mashaya, ta gefenta ya ratsa. Shekara da shekaru kogi yana cin gaɓa, har burtali da gona suka shige juna, ba mai iya nuna iyaka. Kawu ya kafa shinge, ambaliya ta tafi da shi. Ya sake kafawa, ta sake tafiya da shi. Shanu kuwa ba su san bambancin dankali da ciyawar Allah ba.

Wata shekara rina ta gaskiya ta yi sheƙa a kanyar da ke bakin hanyar. Ta afka wa makiyaya biyu da ɗan maraƙi, ɗayan mutumin ya kwana uku ido a rufe. Makiyaya suka juya shanunsu zuwa wata mashaya can ƙasa. Da damina ta zo iska ta karya reshen, sheƙar ta bi ruwa, ba wanda ya gani sai Kawu. Da kaka makiyaya suka dawo leƙe, sai suka hango wasu ƙwari baƙaƙe masu ratsin ja da rawaya a ciki suna yawo bisa duman rafin da ya yaɗu a hanyar, da rana tsaka, ba sa tsoron kowa. Suka ce ai kuwa rinar ta hayayyafa. Suka juya.

Kawu bai taɓa cewa rina ce ba, a lokacin dai. Abin da ya yi, ya fara naɗe fuska da rawani yana sa safar hannu duk sa'ad da zai shiga gona. Ya daina nome duman rafin bakin hanya, har da rani yakan ɗebo ruwa ya zuba masa. Shekara goma sha shida ƙwarin nan suna tsare masa dankali, ba su nemi lada ba.

Yelwa ma da tsoronsu ta girma. In Inna Fadimatu, matar Kawu, ta aike ta da abincin rana, a nesa da kanya take tsayawa ta ƙwala kira, ta ajiye kwanon ta ruga. Ta yi firamare, ta yi sakandare, ta shiga jami'a ta karanci ilimin ƙwari, abin da ya sa mutanen ƙauye suka daɗe suna dariya. Ta gama ta sami aikin koyarwa a wata sakandare a Azare. Hutun farko da ta zo gida, ta ce bari ta ga rinar nan da ta hana ta sakat tana yarinya. Ta ɗauki ragar kamun ƙwari da kwalba, ta rufe jikinta ruf, ta nufi gaɓa ba tare da ta gaya wa kowa ba.

Tun daga tashinsu ta fara shakka. Rina takan yi fiffike da sauri kamar mai bin bashin fushi a iska, waɗannan kuwa lilo suke yi, su sauka kan fure su daɗe. Ta kai raga ta kama ɗaya, ta sa a kwalba, ta ɗora gilashin ƙara girma. Ƙugun rina siriri ne kamar zare, na wannan a cike yake tun daga ƙirji har ƙarshe. Ƙahonnin kansa ba su lanƙwasa ba, haƙora ne da su ƙanana kamar matsefi. A ƙarƙashin kan, inda rina ke da muƙamuƙin cizo, wani siririn hanci ne a nannaɗe kamar an naɗe tabarma. Ta cire safar hannu, ta riƙe shi da yatsa biyu. Ya yi ta mutsu-mutsu, ya lanƙwasa ciki kamar zai yi harbi, ba abin da ya fito. Da ta sake shi sai ga gari mai sheƙi a yatsunta, irin wanda malam-buɗe-littafi ke bari.

"Kin wahalar da shi," in ji wata murya a bayanta.

Kawu ne. Ya duba hagu da dama, ya zare safar hannunsa, ya kai tafin hannu ƙarƙashin wani fure. Ɗaya ya tako ya hau, ya zauna yana buɗe fiffike. Kawu ya yi murmushi irin na mutumin da ya daɗe yana neman wanda zai nuna wa abu.

"Wannan shi ne shingena," in ji shi. "Ruwa ba ya tafiya da shi. Ki riƙe bakinki."

Ta riƙe. Amma ta juya ganyen dankali ta samo gizaka masu tukkun gashi gaba da baya, ta tafi da su ɗakinta na Azare, ta riƙa ciyar da su ganye har suka saƙa wa kansu gida da gashin jikinsu. Ranar da na farko ya fasa ya fito da ratsinsa ja da rawaya, ta ɗauki hoto ta aika wa tsohuwar malamarta ta jami'a, Dakta Ebunoluwa. Ba a yi awa ɗaya ba malamar ta kira. Ta ce dangin nan masana kan kira su da sunan damisa saboda zanen jikinsu, kuma wannan ya ari kayan rina ne don tsuntsaye su ƙyale shi. Ta ce ita dai duk bayanan da ke hannunta daga ƙasashen kurmi suke, inda ruwan sama ke da yawa, ba ta taɓa ganin wanda ya rubuta shi can arewa haka ba. "A ina kika same shi daidai? Yana haihuwa a wurin? Rubuta, Yelwa. Wuri, rana, ganyen da yake ci. Sunanki zai hau." Yelwa ta rubuta tsaf, da taswira, da hotuna. Sannan ta tura takardar ƙarƙashin akwati, domin in ta fita, wata rana za ta zagayo Katagum.

Abin da ya tayar da maganar bana shi ne ɗaya mashayar. Gangare ne da ita mai tsayi, ƙarƙashinsa taɓo mai riƙe ƙafa. Kowane rani sai saniya ta kafe a ciki, wata a ciro ta, wata a yanka ta a nan. Makonni uku da suka wuce Bappayo, ƙanen Arɗo Hussaini shugaban makiyayan, magidanci mai 'ya'ya bakwai, ya shiga taɓon ciro wata karsana, ta zame ta danne shi, cinyarsa ta karye gida biyu. Arɗo ya je wurin Bulama, mai unguwar ƙauyen, ya ce a ƙone rinar nan kowa ya huta, shi hanyar da saniya biyu za su jera kawai yake nema. Bulama ya ji tsoron kada wuta ta tarwatsa ta cikin gari. Sai wani ya tuna masa ai 'yar gidan Bubayero ƙwari ta karanta.

Da Yelwa ta bar zaure ta shiga cikin gida, ta tarar da Inna Fadimatu a gindin rumbu tana yanka dankali fale-fale za ta shanya. Inna ta ji komai, zauren ba ƙofa.

"Zauna," in ji Inna. "Miƙo ƙafarki."

Yelwa ta miƙa, ba ta gane ba.

"Wannan takalmin dankali ne. Gilashin idonki dankali ne. Takardar da kika rataya a bango a Azare, mai hatimi, dankali ce tun daga sama har ƙasa. Shekarar da kika shiga jami'a riga ɗaya kawunki ya yi salla biyu da ita. Ba gori nake miki ba, Yelwa, tuni nake miki."

"Ban manta ba, Inna."

"To me zai ci ki in kin faɗi kalma ɗaya? Ƙwaron ne zai kai ki ƙara?"

"Da na sauka mota ban zo nan kai tsaye ba. Ruga na fara zuwa. Na ga Bappayo. An ɗaure ƙafar da karare, ta kumbura ta yi baƙi. Matarsa tana kore masa ƙuda da faifai. Da ya ji ko ni wace ce, sai ya ce, 'Yar Bubayero, Allah ya tsare kawunki da rinar nan, kullum ina tausayinsa in na hango shi a ciki.'"

Wuƙar Inna ta tsaya. Ta daɗe tana kallon dankalin da ke hannunta.

"Allah ya ba shi lafiya," in ji ta a ƙarshe. "Amma mu ma sai mun ci abinci." Ta ci gaba da yanka.

Washegari da hantsi mutane suka taru a gaɓa, kusan rabin ƙauyen. Ba wanda ya wuce inuwar kanya. Bulama yana zaune kan kujerar roba da aka ɗauko masa, dattijo ne Babarbare mai son raha. Arɗo Hussaini yana tsaye gefe da malfa a ka, sanda a gicciye bisa kafaɗu, mutanensa a bayansa. Can gaba, bisa shuɗin furen duman rafi, ƙwarin suna ta lilo a rana, ratsinsu yana walƙiya.

Kawu ne ya zo a ƙarshe. Ya naɗe fuska da rawani har ido kawai ake gani, safar hannu har gwiwar hannu. Ya gaida Bulama, ya gaida Arɗo da Fulatanci, ya koma gefe ya tsaya. Bai dubi Yelwa ba. Ita ta dube shi. Ta ƙudura a ranta za ta faɗi maganar a hankali, a gajarce, ta roƙi Bulama a ba shanu 'yar hanya a bar wa Kawu sauran.

"'Yata," in ji Bulama, "an ce har jami'a kika je kika karanci ƙwaro. Da mun san ana yi, da mun tura Arɗo ya karanto kaska." Aka yi 'yar dariya. "Abu biyu muke so mu sani. Mece ce wannan, kuma wuta za ta kashe ta ko za ta kawo mana ita gida?"

Kafin ta buɗe baki Arɗo ya riga ta. Bai dube ta ba, ragar da ke hannunta ya nuna da haɓa.

"Bulama, ƙanena yana kwance ba mu san ko zai sake taka ƙasa ba. Maganar rai muke yi, ka kawo mana yarinya da rariyar tankaɗe. Me ta sani? Ni tun ba a haife ta ba nake cikin daji. Na san rina in na gan ta."

Yelwa ta ji maganar har tafin ƙafarta. Irinta ta sha a aji, ta sha a tasha, ta sha a ofishin shugaban makaranta, kuma ba ta taɓa iya haɗiye ta ba. Ta ajiye ragar a ƙasa. Ta cire gilashin ƙara girma daga wuya ta ɗora a kai. Ta naɗe hannun rigarta, ta fita daga inuwar kanya ta doshi duman rafin.

"Ke! Ke 'yar nan!" wata mata ta yi ihu. "Bubayero, kana kallo za ta kashe kanta?"

Ta shiga tsakiyarsu. Suka tashi suka kewaye ta, wasu suka sauka a mayafinta. Ta kai hannu ta damƙi ɗaya, ta rufe tafin hannu a kansa, ta ɗaga sama kowa ya gani, ta ƙirga goma a ranta. Wurin ya yi tsit, ana jin kukan kurciya a tsallaken kogi. Ta juyo, ta tako a hankali, ba wurin Bulama da ya tambaye ta ba. Wurin Arɗo ta nufa. Ta tsaya gabansa, ta miƙa hannu daidai hancinsa, ta buɗe.

Ƙwaron ya tashi. Arɗo ya yi tsalle da baya, sandarsa ta faɗi, malfarsa ta tuntsura ƙasa tana birgima. Ƙwaron ya yi ɗan lilo ya sauka a kan malfar.

"Ba rina ba ce," in ji Yelwa da ƙarfi. "Ɗan'uwan malam-buɗe-littafi ne. Ba shi da ƙarin harbi, ba shi da haƙori, ruwan fure yake sha. Ku dubi ƙugunsa, ku dubi garin da ya bari a hannuna. Ko jariri ba zai iya yi wa komai ba."

Wani ya fara dariya a baya, ta kama kamar wutar kara. Bulama ya riƙe ciki yana share hawaye da bakin rawani. Tsakanin Barebari da Fulani akwai wasa tun kaka da kakanni, kuma bai taɓa samun dama irin wannan ba.

"Wayyo Arɗo! Mai daji! Shekara goma sha shida Fulani suna gudun malam-buɗe-littafi! Wallahi sai na ba da labarin nan a kasuwar Azare. Ku ɗauko masa malfarsa, ku yi hankali kada dodon ya cinye ku!"

Arɗo bai yi dariya ba. Ya sunkuya ya ɗauki sandarsa, ya bar malfar a ƙasa. Fuskarsa ta yi fari kamar toka. Ya juya a hankali ya fuskanci mutumin da ke tsaye cikin rawani da safar hannu, ya yi masa magana da Fulatanci, a hankali. Yelwa tana jin yaren, rabin mutanen wurin ma suna ji, dariyar ta fara mutuwa.

"Bubayero. Ka sani?"

Kawu zai iya cewa shi ma yau ya ji. Ba wanda zai ƙaryata shi, Yelwa kuwa da ta mutu da maganar a cikinta. Ya dubi Arɗo. Sannan ya kama bakin rawanin ya fara warwarewa, zagaye bayan zagaye, har fuskarsa ta bayyana, gumi yana bin furfurarsa. Ya zare safar hannu ɗaya, ya zare ɗayar.

"Na sani," in ji shi.

"Tun yaushe?"

"Tun farko."

"Muna salla sahu ɗaya," in ji Arɗo. "Ka zo ka duba Bappayo ranar da aka ɗora shi. Ka kawo masa dankali."

Kawu ya saki safar hannun ta faɗi ƙasa.

Arɗo ya juya wurin Bulama, ya koma Hausa don kowa ya ji. "Kwanan baya na ce maka hanyar saniya biyu ta ishe ni. Na janye. Burtalin kakanninmu nake so, yadda yake, faɗinsa da tsawonsa. A kira dattawan da suka san shi."

Yelwa ta matso da sauri ta durƙusa. "Bulama, don Allah. Arɗo, ni na yi maka rashin kunya, ba shi ba. Hanyar saniya biyu za ta isa, na auna da idona, in aka bi ta bakin..."

"Ke an tambaye ki ƙwaro," in ji Arɗo, "kin kuma faɗa. Mun gode."

Kwana huɗu bayan haka dattawa uku suka taka gaɓar da turaku da igiya, Bulama yana biye da su, ba raha a bakinsa. Inda suka ce nan burtali ya bi a zamanin iyayensu, nan aka kafa turke. Da aka gama, kashi biyu cikin uku na gonar Kawu yana cikin hanyar shanu, har da wajen da laka ta fi kyau. Aka ba shi mako biyu ya haƙe abin da ya nuna.

Yelwa ta koma Azare ranar Lahadi domin aji yana jiranta. Asabar ta dawo. Ta shiga motar farko da ke bi ta Gadau, ta sauka Katagum, ta taka zuwa gaɓa da adda a cikin buhu. Ta tarar da Kawu yana jan ƙayar magarya zai kewaye abin da ya rage. Ta gaishe shi, ya amsa kamar yadda ake amsa wa baƙon da ya tambayi hanya. Ta shiga daji ta saro ƙaya ta jawo. Ya ga inda ta fara, ya koma ɗaya ƙarshen ya fara daga can. Suka yini a haka ba magana. Da la'asar ta bi ta gida, Inna ta miƙo mata kwanon abinci a bakin zaure, ta ci a tsaye ta kama hanyar tasha.

Haka ta yi Asabar ta biye, da wadda ta bi ta. Hannuwanta suka farfashe, ɗalibanta suna kallon tabon ƙaya in tana rubutu a allo. Shingen ya tsaya har damina, ruwa ya zo ya tafi da shi. Da ya janye ta sake dawowa da addarta.

Shanu suka koma tsohuwar mashaya, inda gaɓa take shimfiɗe da yashi. Ranin nan ko saniya ɗaya ba ta kafe ba. Kofato ya tattake duman rafin ya zama turɓaya. Yelwa ta fito da takardar da ke ƙarƙashin akwati, ta aika, aka buga da sunanta. Da Dakta Ebunoluwa ta kira da murna tana cewa za ta zo da ɗalibai su gani da idonsu, Yelwa ta ce kakar bana guda tara ta ƙirga a yini guda, su yi sauri. Ba su samu zuwa ba sai shekara ta zagayo. Suka yini suna juya ganye a 'yar gonar da ta rage, ba su sami ko gizaka ɗaya ba.

A ƙauye aka sa wa Kawu suna Sarkin Rina. Ba a faɗa a gabansa, amma yana ji. Ya daina zama a dakalin ƙofar masallaci, in an sallame sai ya ɗauki takalmi ya wuce. Bappayo ya tashi, ƙafa ɗaya ta fi ɗaya gajarta, yana dogara sanda. In ya haɗu da Yelwa a hanyar gaɓa yakan tsaya ya gaishe ta da kyau, ya tambayi aiki, ya tambayi Azare. Bai sake tambayar kawunta ba.

Wata Asabar, shekara ta uku, Inna Fadimatu ta miƙo mata kwano a bakin zaure, amma ba ta koma ciki ba. Ta jingina da bango tana kallonta tana ci.

"Da za a mayar da ranar nan," in ji Inna, "za ki sake?"

Yelwa ta daɗe tana tauna lomar da ke bakinta.

"Zan sake faɗa, Inna. Amma da a kunnen Bulama zan faɗa, ina durƙushe. Faɗar dole ce. Kai shi hancin Arɗo kuwa, wannan ni ce."

Inna ta karɓi kwanon ta shige.

Yelwa ba ta yi ƙarya ba, kuma ba ta taɓa cewa ta yi nadamar hakan ba. Gaskiyar ta ci wa Kawu Bubayero kashi biyu cikin uku na gonarsa da mutuncinsa a gari, yana da shekara sittin da takwas ya koma yi wa wasu ƙwadagon noma da damina. Gaskiyar nan ta kuma share ƙwaron daga wuri ɗaya tak da Yelwa ta taɓa ganinsa a ƙasar Katagum. Ita kuwa, mutumin da ya raine ta yana nan da rai, lafiyarsa ƙalau, tana ganinsa duk mako, shekara uku ke nan bai kira sunanta ba.